Darasi na Tara: Yadda Manhaja Ke Adana Kwafin Kayanka a Intanet

Manhajar adana kwafi takan kwashi hotuna da takardu da saƙonnin da ke cikin waya ko kwamfuta, ta tura kwafinsu ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani, domin idan wayar ta ɓace ko ta faɗa ruwa, mai ita ya sauke kayansa a sabuwa. Waɗannan kwamfutoci su ne ake yi wa laƙabi da gajimare, alhali kuwa a ƙasa suke, cikin manyan gine-gine da ake sanyayawa dare da rana.

Ajiyar farko ita ce mai cin lokaci da data, saboda sai an ɗora komai. Daga nan manhajar takan riƙa duba girman kowane fayil da ranar da aka taɓa shi, sai ta aika da abin da ya canza kawai. Wanda yake da hotuna 2,000 jiya, yau ya ɗauki uku, ukun nan ne kaɗai za su tafi, kuma galibi sai da dare, lokacin da wayar take caji.

Kafin fayil ya kama hanya ana sirranta shi, wato a mayar da shi tarkacen lambobi da ba sa karantuwa sai da mabuɗi. A shekarar 2021 WhatsApp ya ba mutane damar kulle ajiyar hirarsu da kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba 64, amma wanda ya manta shi kuma ya rasa wayarsa, ko kamfanin ba zai iya buɗe masa ba. Saboda haka a rubuta shi a takarda, a adana.

Wurin ajiyar kyauta yana da iyaka: Google yana ba da gigabait 15 da Gmail da Drive da Photos suke rabawa, iCloud na kamfanin Apple yana ba da 5, manhajar ajiya ta Dropbox kuma 2. Da zarar wurin ya cika ajiya takan tsaya, kuma sanarwar hakan ce mutane suka fi gogewa ba tare da sun karanta ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen gogewa. Wasu manhajojin, daidaita na'urori suke yi, abin da ke waya shi ke gajimare, don haka hoton da aka goge a nan, can ma zai tafi. A iCloud da Google Drive abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara na kwana 30 kafin ya ɓace gaba ɗaya.

Aikin wannan darasi shi ne kowane ɗalibi ya shiga saitin ajiya na wayarsa ya karanta ranar ajiya ta ƙarshe, sannan ya buɗe asusunsa a wata na'urar ya sauke hoto ɗaya, ya fita daga asusun kafin ya mayar da na'urar ga mai ita.