Yadda Sabon Ɗalibi Zai Nemi Masauki da Abinci a Jami'ar Bayero

Da zarar ka kammala rajista, ka gaggauta neman gado ta shafin jami'ar na intanet, domin ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa wadatar da kowa. Kafin nan ka tabbatar ko sashenku yana tsohon mazauni ne ko sabo, wanda ke kan titin Gwarzo, saboda kuɗin adaidaita sahu na kullum yana cin aljihu.

Idan gado ya kuɓuce maka, Danbare da Rimin Gata sun fi kusa da sabon mazauni, Kabuga da Janbulo kuwa da tsohon. Kada ka biya dillali ko sisi sai ka ga ɗakin da idonka. Ka buɗe famfo da hannunka, ka duba rufi ko akwai tabon yoyo, sannan ka tambayi maƙwabta halin wutar lantarki, domin zafin watan Afrilu a Kano ba ya jurewa a ɗakin da babu iska. Ka karɓi rasit.

Game da abinci, a ganina girki ya fi sauƙi. Ƙaramin risho, kwanon shinkafa da na wake, manja da yaji za su riƙe ka kwanaki, ka bar sayen abinci sai lokacin jarrabawa.