Yadda zaka gane hular kwanon sojan Roma kafin ka sayi tsaraba

In Allah ya kai ka birnin Roma, zaka ga masu shaguna a bakin titi sun baza abin fiƙe fensir da biro da ƙananan littattafan rubutu masu siffa ko hoton hular kwano, kowanne ana ce maka ta sojan Roma ce, alhali da yawa sam ba ita bace.

Fara duba fuska. In ka ga ta rufe fuskar ruf, sai ramin ido da 'yar tsaga wajen hanci da baki, wannan ta Girkawa ce, irin ta Korinti, ajiye musu kayansu. Ta sojan ƙasa na Roma fuska a buɗe take, ƙarfe biyu ne kawai ke saukowa su rufe kumatu, a ɗaure su da igiyar fata a ƙarƙashin haɓa.

Sai ka juya ƙeyar, nan ake gane zamani. In abin kare wuyan ɗan ƙarami ne kuma akwai ɗan ƙulli a tsakar kai, Montefortino kenan, ta tagulla, tsohuwar yayi tun kafin zamanin Annabi Isa. In kuma yana da faɗi ya bazu wajen kafaɗa, ga wasu layuka kamar gira a goshi, ga wurin kunne an yanke don soja ya ji umarni ana tsakiyar gumurzu, to Imperial Gallic ce ta ƙarni na 1, yawanci ta baƙin ƙarfe, ni dai ita nafi so. Wata zaka ga ƙarfe biyu sun gitta a samanta, an ƙara su ne lokacin yaƙin sarkin Roma Trajan da mutanen Dacia (yankin ƙasar Romania ta yanzu) tsakanin shekarar 101 zuwa 106, saboda wani lanƙwasasshen takobinsu da ke fasa hula.

Jan zankon nan na saman hular kuma kar ya ruɗe ka. In ya tafi daga kunne zuwa kunne na hafsa ne mai riƙe da sojoji wajen 80, na sauran daga goshi yake zuwa ƙeya.

Daga ƙarshe ka ɗaga ka ji nauyi, ƙarfe ne ko roba aka shafa wa fenti, in abin fiƙe fensir ne roƙi mai shago ka gwada a gabansa, don wasu kyan ne kawai, rezar ciki sai karya bakin fensir.