Fulawar amarya daga jeji: abin da ke sa ta yi yaushi tun kafin a shiga hol

Ƴan mata da yawa sun gaji da fulawar roba, duk dinar da kika je iri ɗaya amarya ke riƙe da ita, shi ya sa wasu ke haɗa tasu da furannin gona da bayan gari. Tana kyau wallahi kuma kusan kyauta ce, amma fa furen jeji ba ya jure zafi da ƙishirwa, nan ne ake yawan tafka kuskure.

Na farko lokaci. Jeji yana cika da fure ne a ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, mu kuma yawancin bukukuwanmu sai Disamba lokacin hunturu ya busar da komai. In bikinki na rani ne kar ki wahalar da ƙannenki da yawo, ki nemi furen lalle in an samu, ƙamshinsa kaɗai ya isa, ki haɗa da ganyen bishiyar turare da busassun kawunan ciyawa irin gamba.

Sai tsinka da rana tsaka, a zuba a leda, a jefa bayan mota. Haba! Kafin a iso gida ai ya gama mutuwa. Da sassafe ake yanka kafin rana ta yi zafi, da almakashi mai kaifi, ba fizga da hannu ba, kuma ki tafi da bokiti da ruwa a ciki duk wanda kika yanka ki tsoma shi nan take. A gida ki sake yanke gindin a karkace, ki zage duk ganyen da zai nutse a ruwa don shi ke ruɓewa ya toshe karan, sannan ki bar su su sha ruwa a ɗaki mai sanyi, in da hali su kwana. Ɗan suga da ɗigon bilic a ruwan yana taimakawa, ɗigo fa na ce.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗauko duk abin da ya yi kyau a ido. Tumfafiya furenta gwanin sha'awa amma farin ruwan nan nata in ya shiga ido bala'i ne, ga amarya kullum hannu na zuwa fuska ana goge hawaye. Zaƙami guba ne, kar ma ya shigo gidan biki da yara ke ta kai-kawo. Duman rafi yana buɗewa da safe, kafin la'asar ya lanƙwashe, dina kuma sai dare. Ƙuduji ma akwai kyau, amma shi ne ke kashe gero da dawa, ki ɗauko shi ki yar a wani wuri kin kai wa manomi masifa. Karangiya kuwa ko a gindin ciyawa ta maƙale sai ta kama leshi. Kan zoɓo ja yana daɗewa kuma yana ƙawata ɗauri sosai, sai dai in ya jiƙe zai iya zuba a farar riga, don haka a tsakiya ake sa shi.

Maganin duk wannan, mako guda kafin biki ki yanko kaɗan-kaɗan na kowane iri ki sa a kofi, wanda ya kai washegari da daddare a tsaye shi ne naki.

Wajen ɗauri kuma mutane na cika yawa, kala bakwai a hannu ɗaya. Kala biyu ko uku da ganye sun wadatar. Ki riƙa jera karan a karkace kina juya ɗaurin a hannu, ki ɗaure da zare ko robali, ribon sai ana dab da fita, ki bar ƙasan a ruwa har lokacin sannan ki tsane shi da tawul. Ki girgiza a hankali saboda tururuwa da ƙananan ƙwari.

Kar a sa a firiza, ƙanƙara na ƙona fure. In firij ne to nesa da ayaba da mangwaro don iskar da nunannun ƴaƴan itace ke fitarwa tana tsofar da shi da wuri, in babu wuta kusa da randa ma ya yi. Kuma ki ba ƙawa ɗaya amanar ɗaurin, ita za ta riƙe shi a kofin ruwa cikin mota har ƙofar hol.