Yadda za ku huta ranar Lahadi a Maraɗi, ku da abokai

Kuskuren da muka fi yi shi ne mu ɗora wa Lahadi kayan da Litinin ma ba za ta iya ɗauka ba. A je suna da safe, a leƙa ɗaurin aure, a kai babur wurin gyara, sannan a ce wai za a huta. A Maraɗi abu biyu ne ke tsara yini: zafin rana da lokutan salla. In kun bi su, sauran mai sauƙi ne.

Matakin farko, ku gama maganar kuɗi tun daren Asabar. Mutum biyar ko shida sun isa, in aka wuce haka ya zama taro. Kowa ya kawo jika guda ko abin da ya samu, a damƙa wa mutum ɗaya, shi zai sayi ganyen shayi, sukari, gawayi da nama. Mun taɓa barin maganar sai da safe, aka tsaya gaban mai balangu kowa na lalube aljihu yana kallon sama, ƙarshe wanda ya fi kowa kunya shi ya biya. Tun daga ranar ba mu sake ba.

Na biyu, ku fito da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Ku karya da koko da ƙosai ko waina a bakin hanya, kada kowa ya tsaya jiran abincin gida. Daga nan ku taka da ƙafa zuwa tsohon gari, wajen ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ku ratsa unguwanni irin su Mokoyo da Bagalam, ku gangara gulbi. Da yawanmu a garin aka haife mu amma a kan kabu-kabu kawai muke wucewa nan. In kun tsaya a gangaren za ku gane abin da tsofaffi ke faɗi, cewa asalin garin a kwari yake, inda Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi suka zauna a zamanin Sarki Ɗan Kasawa, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu. Da rani gulbin yashi ne zalla, ana ratsa shi da ƙafa, ga lambuna a gefe da inuwar mangwaro. Ku yi wa mai lambu sallama yadda ya kamata, "Sannu da aiki, Baba," ku sayi tumatir da albasa a hannunsa, za su yi amfani an jima. Da damina kuwa ku tsaya daga nesa. Ruwan daga wajen Jibiya yake zuwa, yana iya cika ko da ba a yi ruwa a Maraɗi ba.

Masu mota ko babura na iya canza wannan da tafkin Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da gari, inda ake ziyarar kaburburan waliyyai 99. In can kuka zaɓa, to ku bar gulbi sai wata Lahadin, kuma ku kamo hanyar gida da sauran rana.

Na uku, daga hantsi ku nemi inuwa ku zauna. Ƙarƙashin bedi a ƙofar gidan ɗayanku ya fi kowane wuri. A shimfiɗa tabarma, a dama hura da nono mai sanyi, in uwar gida ta taimaka da dambu ko kwaɗon zogale, kun more. Bayan azahar wanda barci ya ɗauka a ƙyale shi. A watan Afirilu da Mayu ba jarumta ba ce yawo da tsakar rana.

Na huɗu shi ne zuciyar yinin, wato shayi, kuma bayan la'asar ake ɗora shi. Ku ba wanda ya iya, don ba kowa ne ya iya ba. Ya hura gawayi ya bari ya yi ja tukuna, ya zuba ganye a buta ya bar shi ya tafasa a hankali. Sannan ya sa sukari, ya ɗaga butar sama yana tsiyayawa a ƙaramin kofi, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya a kowane kofi. Na farko ɗaci gare shi, wanda bai ci komai ba kada ya taɓa. Na biyu ya fi daidaita, a nan ake jefa na'ana'a. Na uku zaƙi ne kawai, shi ake miƙa wa yaran da suka zo kallo. Zagaye ukun nan na iya cin awa biyu, kuma abin da ake so ke nan. Duk wanda ya ce wa mai dafawa "Abokina, yi sauri mana," bai san abin da ya kawo shi fada ba.

Tsakanin kofi da kofi ake buga karta ko ludo ko dara, ana musun ƙwallo da kokowa. Mutumin Maraɗi ba ya rasa abin faɗi kan kokowa, tunda Kantu namu ne ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Shawarata ɗaya, ku tara salula a cikin hula guda ku aje gefe. In an kira mutum daga gida ya amsa, amma ba a zo kallon Facebook ba. Maganar bashi da ta siyasa ma a bar su sai Litinin.

Na ƙarshe, dab da magariba ku aiki mutum biyu wurin mai tsire ko balangu. Su tsaya a gasa a gabansu, a naɗe a takarda da yaji, ku yanka albasa da tumatir ɗin lambu a kai. Bayan isha'i a tashi, don masu shago na da kasuwa gobe, ƴan lakkal da ma'aikata kuma na da sammako. Mai riƙe da kuɗi ya faɗi abin da ya rage a gaban kowa, a wanke kofuna, a kashe garwashin da ƙasa, sannan a tsayar da wanda za a zauna a ƙofar gidansu Lahadi mai zuwa.