Yadda ake raba ruwan sha da ɓurɓushin roba a gida

Ki ɗebi ruwa daga jarkar mai ga-ruwa cikin kofin gilashi, ki kashe fitila, ki haska shi da tocila ta gefe. Wasu siraran zaruruwa da za ki gani suna yawo, ba duka ne ƙura ba. Akwai ɓurɓushin roba a ciki, wato guntayen da ba su kai milimita 5 ba, masu ɓantarewa daga leda, tsofaffin jarkoki, tankin da rana ta gasa da kuma tufafin roba in an wanke su. Roba ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe, don haka zuba kulorin bai taɓa ta ba. Fitar da ita ake yi, kuma hanyar da matatun ruwa ke bi, irin waɗanda madatsar Lamingo ke shayarwa a nan Jos, ana iya ƙanƙanta ta a bokiti guda.

Fara da tacewa ta farin ƙyallen auduga da aka ninka huɗu. Auduga dai, domin yadin roba shi ma zubar da zarensa yake yi.

Daga nan sai alif, kuma a nan aikin yake. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwa tunkuɗe juna suke yi, shi ya sa ba sa kwanciya. Alif yana karya wannan tunkuɗar, sai su manne su zama curi-curi kamar dambu, su ja robar su tafi da ita ƙasa. Bokiti mai lita 20 bai buƙatar fiye da gutsure kamar ƙwayar masara. Ki daka shi, ki narkar a ɗan kofi, ki zuba, ki juya da ƙarfi na minti guda, sannan ki sassauta hannu ki riƙa juyawa sannu a hankali kamar minti 10. Wannan juyin na biyu mutane suke tsallakewa saboda gaggawa, alhali shi ne ke ba curin damar girma. In alif ya yi yawa ruwan zai yi bauri, kin ɓata shi ke nan. Wanda ba ya son alif yana iya daka busassun 'ya'yan zogale, sai dai ruwan zogale ba ya jure ajiya, a ranar ake amfani da shi.

Ki rufe bokitin ya samu awa biyu ba a taɓa shi ba. Sannan ki lura: robar gorar ruwa ta fi ruwa nauyi, tana nutsewa, amma ta leda da ta jarka sun fi ruwa sauƙi, saman suke tasowa. Saboda haka ki yaɗe saman da ludayi ki zubar, ki tsiyaye na tsakiya, ki bar na gindi ya tafi wanke tsakar gida.

Na tsakiyan nan shi za a zuba a matatar nan mai kyandir na tangaran da ake sayarwa a kasuwa. Ƙananan ƙofofin kyandir ɗin kusan maikiron 1 ne ko ƙasa (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kaurin gashin mutum kuwa ya kai kusan maikiron 70. Kyandir mai tsaga ba shi da amfani, a sauya shi.

Batun tafasawa akwai sharaɗi. A 2024 masu bincike a birnin Guangzhou na ƙasar Sin sun nuna cewa tafasa ruwa mai yawan sinadarin alli na minti 5, a huce, a tace, yana iya cire har kusan kashi 90 cikin 100 na ɓurɓushin, domin allin na daskarewa ya lulluɓe robar. A ruwan da ba shi da alli sosai kuwa, kusan kashi 25 ne kawai. Ki leƙa cikin butar shayinki: in babu farin ɓawo a gindinta, ruwanku na rukuni na biyu ne, tafasawar ta ƙwayoyin cuta ce.

Da kin gama, ki juye shi a randa ko tukunyar ƙarfe mai murfi. Randar ƙasa a sanyin Jos ma ba ta buƙatar firji.