Darasi Na Bakwai: Baƙin Man Da Ya Dace Da Motar Gas Mai Mataci A Salansa

Jama'a yau darasinmu na masu motar gas ne, wato dizal, musamman waɗannan 'yan Beljiyam da ake shigo mana da su daga Turai, kuma ko kai ba ka da mota ka tsaya ka karanta, don wataƙila kai ne yaron da Oga ke aika sayen baƙin mai, ko kuma ke ce mai biyan kuɗin sabis ɗin motar da ke kai 'ya'yanki makaranta.

A cikin salansar irin waɗannan motoci akwai wani abu kamar tukunya, cikinsa ƙananan ramuka ne jere kamar saƙar zuma. A takardun mota za ku ga an rubuta shi da haruffa uku, DPF, a motocin Faransa kuma FAP. Mu dai mu kira shi mataci. Aikinsa shi ne tare kunkunniyar da ke cikin hayaƙin gas kafin ta fito waje mutane su shaƙa. Peugeot, wanda mu 'yan Kaduna muka sani tun da aka buɗe masana'antar haɗa motocinsa a Kakuri a 1975, yana cikin na farko da suka sa wannan mataci a ƙaramar mota ta gida, a motarsa 607, a shekarar 2000. Daga 2009 kuma da dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5 ta fara aiki, kusan duk ƙaramar motar gas da aka ƙera don kasuwarsu da shi take fitowa. To ka ga in motarka ta gas ce, 'yar Turai, ƙirar 2011 zuwa sama, kusan tabbas tana da shi, sai dai in wani ya riga ya cire.

Yanzu ku tuna murhun gida. In an hura itace abu biyu ke saura, kunkunniya a gindin tukunya da toka a ƙasan murhu. Kunkunniya in wuta ta yi ƙarfi sosai tana ƙonewa ta ɓace, ita kuwa toka ko kwana za ka yi kana hura mata wuta tana nan, sai dai a kwashe. Haka abin yake a cikin matacin nan. In kunkunniya ta taru, kwamfutar mota da kanta take ƙara gas ta ɗaga zafin salansa ya kai wajen digiri 600 ta ƙone ta, kai kana tuƙi ba ka ma sani ba. Amma toka fa? Ita ba ta ƙonuwa. Kuma mafi yawanta daga baƙin mai take zuwa, domin kowane inji komai lafiyarsa yana ɗan ƙona mai kaɗan-kaɗan, sinadaran da aka zuba a man don wanke inji da kare ƙarfe su ne ke zama toka su je su zauna a ramukan nan, yau kaɗan gobe kaɗan har su toshe. Shi ya sa aka yi wa waɗannan motoci nasu man na daban mai ƙarancin toka.

Wani maƙwabcina ya sayi Mercedes ta gas, mota tsaf kamar a lashe, ranar sabis na farko ya ba yaron gareji kuɗi ya ce je ka kawo mai mai kyau. Yaro ya kawo 20W-50, irin wanda muka saba ɗura wa tsofaffin 504 da bas-bas. Mota ta tashi lafiya lau, ba ƙara ba komai, aka yi sabis na biyu da na uku da shi. Can sai fitila ta kama a dashbod, mota ta daina ja, yana taka totur a hawan gadar Kawo tana tafiya kamar ta ɗauko buhunan siminti. Da bakanike ya sauke matacin a Panteka ya ɗaga shi ya bubbuga a ƙasa sai ga gari fari-fari yana zubowa. Ya ce, "Alhaji, wannan ba kunkunniya ba ce, toka ce, wane mai kuke sa mata?" Alhaji ya ce ai mai tsada ne. Bakanike ya ce, "Tsada daban, dacewa daban, ranka ya daɗe."

To mu zo kan karatun jarka, nan ne ainihin aikinmu. Ɗauki galan ɗin ka juya bayansa, ka bar hoton mota da manyan rubutun gaba, waɗannan talla ce. A gaba za ka ga lamba irin 5W-30 ko 5W-40. Wannan kaurin man kawai take faɗa maka, ta farko yadda yake gudu in inji na da sanyi, kamar asubar hunturu, ta biyu kaurinsa in inji ya yi zafi. Ba ta ce komai a kan toka ba, a nan ne mutane da yawa ke faɗawa, jarka biyu duk 5W-30 amma ɗaya ta dace ɗaya ba ta dace ba.

A baya, cikin ƙananan rubutu, nemi haruffa huɗu: A, C, E, A. Ku furta su ɗaya-ɗaya, ACEA, sunan ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai ne. Abin da ke biye da su shi ne magana. In ka ga harafin C da lamba, kamar C2 ko C3 ko C4, wannan man masu mataci ne. In kuwa A3/B4 kaɗai ka gani, mayar masa da kayansa, mai ne mai kyau amma ba na motarka ba. Ga bambancin a lissafi: in aka ƙone kilo 100 na man C3, tokar da za ta rage ba za ta wuce giram 800 ba, na C4 ba za ta wuce giram 500 ba, shi kuwa A3/B4 tana iya kaiwa kilo ɗaya da giram 600, ninki biyu na C3 kenan.

Su ma C ɗin ba a musanya su yadda aka ga dama, kowane kamfani da nasa. Mercedes za ka ga 229.51 ko 229.52, Volkswagen da Audi 507 00, BMW kuma Longlife-04, Peugeot da Citroën da yawansu B71 2290. Lambar da ke littafin motarka ita za ka nema a jarka, harafi da harafi. In littafin bai zo da motar ba, wanda haka ne ga yawancin 'yan Beljiyam, sa wani yaro mai waya ya nemo maka a intanet da sunan motar da shekararta, ka kwafe lambar a takarda ka ajiye a aljihun mota. Man da aka yi da ma'aunin Amurka, na manyan motoci da wasu fikof, CJ-4 ko CK-4 za ka gani bayan haruffan API.

Mai shago zai ce maka, "Haba Malam, duk mai ai mai ne, wannan kowa ke saya." Kar ka yi musu da shi, nuna masa takardarka kawai. Ka duba murfi ko an taɓa ɓalle shi, don jabu ya yi yawa, man awo na kwalba a bakin titi kuwa ko kyauta ne kar ya shiga wannan motar.

Sai maganar lokacin canji. Littafin Turai zai iya ce maka sai bayan kilomita 20,000 ko ma 30,000, amma can gas ɗinsu sulfa, wato sinadarin farar wuta, da ke ciki ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, namu kuwa an daɗe yana fin haka nesa ba kusa ba, ga ƙurar hunturu, ga gosulo, kuma shi man C da gangan aka rage masa sinadaran da ke kashe tsamin da sulfa ke haifarwa, don haka yana saurin gajiya. Ni dai in tawa ce ba zan kai ko rabin abin da littafin ya ce ba. Sannan duk sati ka zaro gejin mai ka goge ka mayar ka duba, in ka ga mai yana ƙaruwa maimakon raguwa kuma yana warin gas, ba albarka ba ce, gas ne ke gangarawa ciki saboda mota na ta ƙoƙarin ƙona kunkunniya kai kuma kana kashe ta kafin ta gama, da gajeriyar tafiya irin daga Tudun Wada zuwa Kasuwar Barci ka dawo. Irin wannan motar tana son a riƙa hawa hanyar Zariya da ita lokaci-lokaci, a yi kamar minti 20 ana tafiya ba tsayawa.

Aikin gida: kowa ya samo jarkar baƙin mai da aka gama da ita, ko a gareji ne ka roƙa, ka kwafo a littafinka lambar kauri da ke gaba da duk abin da ya biyo bayan ACEA a baya. Ranar Asabar kowa zai tashi ya karanta nasa, aji ya faɗa masa ko za a iya ɗura shi a mota mai mataci.