Masu zana Elizabeth da Darcy, ku daina waɗannan kurakuran

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne siket. Jane Austen ta fitar da Pride and Prejudice, littafin labarin soyayyar Elizabeth da Darcy, a 1813, amma sai ka ga mai zane ya cusa Elizabeth cikin ƙaton buje kamar an kifa kwando. Wannan bujen mai kejin ƙarfe a ciki sai 1856 ya bayyana, zamanin Sarauniya Biktoriya, shekara arba'in da ɗoriya bayan littafin. Rigar matan Ingila ta lokacin ba ta da ƙugu a inda ka saba sa shi. Ja layin ɗinkin dab da ƙasan ƙirji, ka saki yadin ya zubo miƙe har idon sawu. Yadin auduga ne shara-shara, galibi fari, don haka ninkinsa sirara ne a tsaye. Ni dai shawarata, wannan layin za ka fara ja tun kafin fuska. In ya sauka ko da faɗin yatsa biyu a takarda, zanen ya tsallaka wani zamani, kuma launi ba ya gyara shi.

Na biyu, lokacin da Darcy ya fara neman auren Elizabeth. Haba! Ku buɗe littafin mana. Darcy bai durƙusa ba, kuma ba a cikin ruwan sama ya yi magana ba, ruwan saman aikin fim ɗin 2005 ne. A falon gidan limamin coci na ƙauyen Hunsford ya same ta ita kaɗai, ya yi ta kai-komo, sannan ya jingina da kantar murhu yana kallonta. Zana tazara tsakaninsu, da fushi a fuskarta. Wasiƙar da ya rubuta mata washegari kuwa hannu da hannu ya miƙa mata a cikin itatuwan gandun gidan Rosings, domin saurayi da budurwa ba sa musayar wasiƙa a fili sai an yi baiko.

Wurin rawa, kada ka sa su rungumi juna. Layi biyu ake yi, maza na fuskantar mata, hannu kawai ke haɗuwa, shi ma da safar hannu.

Darcy ba gemu, ba gashin baki, sai ɗan saje da farin ƙyalle mai sitaci naɗe a wuya.

In mace ta fita waje, sa mata hula mai igiya a haɓa da 'yar jaka a hannu, don rigar ba ta da aljihu. In tafiyar ƙafa ce ta mil 3 da Elizabeth ta yi zuwa gidan Netherfield, shafa taɓo inci 6 a bakin siket ɗin ciki.